Kwanakin Jinya a Kaladan da Labarin Wani Magani Mai Nisa

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Sakamakon gwajin ɓargo ya fito, kuma abin da muke gudu ne ya faru: sankarar jinin ɗan Yayata ta dawo. Shekarunsa tara. Likita ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla, cewa gurɓatattun fararen ƙwayoyin jini sun sake cika masa ɓargo, shi ya sa jininsa ke ƙarewa, dasashinsa ke tsatsar jini, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka. Za a koma maganin sankara na kemo, mai ƙarfi fiye da na baya. Yaya ta ce, "Likita, in wannan ma bai yi ba fa?" Likitar ta ɗan yi shiru, sannan ta ce akwai wani magani a ƙasashen waje da ake kira CAR-T, amma ba a yin sa a nan Gana, kuma ba ta so ta sa mana rai a kan abin da hannunmu bai kai ba. Na rubuta sunan a bayan katin asibiti.

Talata, 8 ga Yuli

Ruwa ya hana ni fita da safe, sai na zauna da waya ina bin wannan suna. Abin ya ba ni mamaki, domin daga jikin mara lafiyar ake samo maganin. Ana jona shi da na'ura ta tace jininsa, ta ware ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, ta mayar masa da sauran. A ɗakin bincike sai a sauya musu ƙwayar halitta yadda za su gane wata alama mai suna CD19 da ke jikin ƙwayoyin sankarar, kamar yadda maharbi ke shinshina wa karensa warin naman da za a bi. A hayayyafa su har miliyoyi cikin 'yan makonni, a ba mara lafiya ɗan kemo don ya buɗe musu wuri, sannan a ɗura masa su ta jijiya. Suna shiga, sai su ci gaba da yawaita a jiki suna farauta.

Yana da nasa haɗarin. Idan yaƙin ya yi zafi, zazzaɓi kan tashi, jini ya faɗi, wani ma ya rikice ya kasa magana. Dole sai a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman.

Laraba, 9 ga Yuli

Yau an ce a ƙara masa jini. Na ba da nawa, ƙanin babansa ma ya bayar. Na zauna ina kallon ledar tana raguwa a kan ƙarfe, tafin hannunsa da ya yi fari fat yana ɗan komawa ja. Da ya farka ya ce, "Kawu, koko nake so." Na fita bakin ƙofa na sayo masa da ƙosai biyu, ya ci ɗaya da rabi. Yaya ta juya baya ta share hawaye da bakin mayafi.

Da dare na karanta labarin Emily Whitehead, yarinyar Amurka da ta kamu da irin wannan cuta. A 2012, tana da shekara shida, kemo ya gaza, aka gwada mata CAR-T a asibitin yara na Filadelfiya, da dabarar da Carl June da abokan aikinsa suka ƙirƙiro. Ta kusa rasa ranta saboda zazzaɓin, aka ceto ta da wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna tocilizumab. Yau budurwa ce, har ta shiga jami'a. A watan Agusta na 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kymriah na kamfanin Novartis, a kan dala 475,000, ban da kuɗin gado da jinya. Ko duk gidajen layinmu muka sayar, ba za mu haɗa wannan ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Akwai labarin da ya ɗan kwantar min da hankali. A ƙarshen watan jiya hukumar ta Amurka ta sassauta sharuɗɗa: mara lafiya zai zauna kusa da asibiti mako biyu maimakon huɗu, don mutanen karkara su samu dama. Ashe can ma nisa na hana mutane magani, yadda kuɗin mota zuwa Kumasi ko Ankara ke sa iyaye a nan su katse jinyar 'ya'yansu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Indiya. Masana a IIT Bombay da asibitin Tata Memorial sun ƙera nasu, NexCAR19, aka amince da shi a Oktoba 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. A Sifaniya ma wani asibitin gwamnati a Basalona ya haɗa nasa, aka ba shi izini a 2021. Wato tsadar nan mutane ne suka yanka ta, kuma mutane na iya sauke ta idan ƙasa ta sa kanta.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na roƙi liman, bayan salla ya yi shelar neman jini. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, an ce wanda ya ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa." Na ce, "Baba, shekaranjiya na bayar, ga ni a kan babur." Ya yi dariya ya turo 'ya'yansa biyu. Samarin da ke dako a kasuwar Aboabo ma sun biyo mu. Yaron da ke shan kemo sau da yawa ba ya rayuwa sai da ƙarin jini, kuma ko ranar da CAR-T zai iso Gana, a kan ma'ajiyar jini mai kyau zai tsaya.

Asabar, 12 ga Yuli

Wata maƙwabciya ta zo dubiya da ƙullin sassaƙe, ta ce sammu ne. Yaya ta karɓa da godiya ta ajiye, ta ce, "Inna, addu'arki muke so, maganin kuma na likita za mu bi." Maƙwabciyar ce ta ba mu labarin jikanta da muƙamuƙinsa ya kumbura, ana ta shafa masa magani a gida. Na roƙe ta su kai shi asibiti ranar Litinin. Irin wannan kumburi kan zama sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma Farfesa Francis Nkrumah ya daɗe yana aiki a kanta a asibitin Korle Bu. Tana saurin girma, tana kuma jin kemo idan an zo da wuri. Na gaya mata tun 2021 aka sanar da sa sankarar yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta NHIS, har da wannan da ta ɗanmu. Ba ta taɓa ji ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa sau da yawa ba su kai 30 ba. Yawancin wannan rata ba ta jiran CAR-T: jinkirin zuwa asibiti ne, da katse magani, da ƙarancin jini. Wannan a hannunmu yake. Sauran kuma na hukuma ne, don haka na rubuta wa ɗan majalisarmu wasiƙa. Na roƙi asusun MahamaCares da aka ƙaddamar a Afrilu ya ɗauki kuɗin mota da masaukin masu jinya daga Arewa, a kuma tura matasan likitocinmu Indiya su koyo wannan aiki, don yaran da kemo ya gaza a kansu su ma a yi lissafi da su. Gobe za a fara wa yaronmu sabon zagayen kemo. Mutum takwas sun rubuta suna za su ba da jini duk lokacin da aka kira. Allah ya ba shi lafiya, ya saka musu da alheri.