Gashin Zakara Da Kifin Ingila

A kudancin ƙasar Ingila, cikin lardin Hamsha, akwai koguna biyu, Test da Icin, waɗanda ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, garau kamar madubi. Cikinsu akwai wani kifi mai tsananin wayo da a ke kira tiraut, wanda ya kan taso ya cafke ƙwarin da ke bisa ruwa. Saboda haka masu fatsa na can ba su sa tana a ƙugiya, sai su ɗaura mata gashin tsuntsu da zaren siliki har ta yi kama da ƙwaro. Wani Bature, Firedirik Halfod, shi ya tsara ƙa'idodin wannan sana'a cikin littafinsa na 1886.

Sharaɗin abin ɗaya ne, watau kada ƙwaron ya nutse. Don haka gwani ba ya duban adon gashi kafin ya dubi ƙarfinsa. Na wuyan zakara ya ke nema, gama na kaza laushi gare shi, ya kan sha ruwa nan da nan. Mutanen dā su kan jira zakara ya shekara biyu ko uku, don gashinsa ya yi tauri. A Amurka kuwa an kafa gonar Whiting a jihar Kolorado cikin 1989, inda a ke kiwon zakaru domin gashinsu musamman.

In gwani ya sami fatar wuyan, sai ya wanke ta da sabulu don kitse ya fita, ya shanya a inuwa, ya adana inda asu ba ya kaiwa. Ran aiki ya kan tsige gashi ɗaya, ya lanƙwasa shi wajen haske. In silayen suka miƙe tsaye suna ƙyalli, madalla. In suka manne da juna, sai ya yar. Tsawonsu kuma ya kamata ya kai faɗin bakin ƙugiyar sau ɗaya da rabi. Sa'an nan ya fige lallausan gashin gindi, ya naɗe sauran a wuyan ƙugiya, silayen su tsaya bisa ruwa kamar ƙafafun ƙwaro.

Wanda ya yi garaje wajen zaɓe, a bakin kogi zai ga sakamako. Ƙwaronsa zai jiƙe ya nutse, kifin ya tsargu ya shige cikin ciyawa, yini guda ya tafi a banza. Kifi bai san tsadar gashi ba, tsayuwarsa kaɗai ya ke dubawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.