Chicago da Longhorn a Sabon Layi

Da Janar Sani Abacha ya yanke jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, abin da ya fara cika garin shi ne takarda. Sabbin ma'aikatu, sabbin 'yan kwangila, kowa da wasiƙar da yake so a buga masa. Masu tafireta na bakin kotu da gidan waya sun ci kasuwarsu na ɗan lokaci, kafin shagunan da ake kira bizines santa su ƙwace cinikin. A wani irin wannan shago da ke wajen Sabon Layi na yi yaron shago, daga ƙarshen mulkin Abubakar Habu Hashidu zuwa cikin zamanin Danjuma Goje. Muna buga takarda, muna kuma gyara da sayar da kwamfuta.

Kusan duk kayanmu tokumbo ne, Pentium II da Pentium III, waɗanda Oga, mai shagon, ke sarowa daga Computer Village a Ikeja. Sukan iso a kwali, ba takarda, ba faifan direba. Aikina shi ne in sa flopi, in yi wa kwamfuta fomatin, in ɗora mata Windows 98, ina addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya. Bayan nan wahalar take farawa. Hoto ya fito da kala goma sha shida kacal, sauti shiru, sai farautar direba a cikin tarin fayafayan da Oga ke ajiyewa a gwangwanin biskit. Dabarar da aka koya mini ita ce in buɗe fayil mai ƙarewa da .inf a cikin Notepad, in duba ko sunan katin sautin yana ciki. A saman kusan kowane irin wannan fayil akwai kalma ɗaya tsakanin alamar dala biyu: $CHICAGO$.

Babban yaron shagon, wanda muke kira Yaya, ya daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A wurinsa shaida ce ta inda aka kwaso kayan. Idan mai saye ya tsaya yana taya-taya, sai ya jawo shi gaban allo.

“Alhaji, zo ka gani da idonka. Wannan 'yar Amurka ce, ga sunan garin, ga dala ma a gefe.”

Kuɗi kuwa yakan ƙaru. Matsalar ita ce har kwamfutar da ta zo da madannan Jamusanci, masu Z a gurbin Y, Chicago take cewa. Direban firintar Japan ma haka.

Wani malami daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke hanyar Ashaka, wanda ke kawo mana bugun takardun jarrabawa, shi ya warware mana. Ya ce Chicago sunan da ma'aikatan Microsoft ke kiran Windows 95 ne tun tana kan ƙira, kafin a fito da ita kasuwa ranar 24 ga Agusta 1995. Kamfanin ma ba a Chicago yake ba, yana Redmond ne kusa da Seattle, can gaɓar yamma. Masu ƙera kati da firinta sun fara rubuta direbobinsu tun ana gwaji, da wannan alama a samansu, sai aka bar ta yadda take. Har yau Windows na karɓar fayil mai ɗauke da ita. Kamar laƙabin da kaka ta sa wa jika ne: an raɗa suna, an yanka rago, amma a cikin gida tsohon sunan bai mutu ba.

Dalilin al'adar sa irin wannan sunan gida ba ɓoyayye ba ne. Aiki kan ɗauki shekaru, dole masu yinsa su sami abin da za su kira shi, su kuwa masu talla ba sa tsayar da sunan kasuwa sai dab da fitowa. Ko lambar ma biyu ce. Wanda ya rubuta ver a baƙin allo na Windows 95 zai ga 4.00.950, a Windows 98 bugu na biyu kuma 4.10.2222. Ita 98 ɗin da na yi ta ɗorawa Memphis ake ce mata a gida. Akwai Daytona, wato Windows NT 3.5 ta 1994, da aka sa wa sunan garin tseren motoci don ana son ta yi sauri. Akwai kuma Cairo, wadda aka yi ta alkawarinta tun 1991 ba ta taɓa fitowa a matsayin kaya guda ba. Yaya dai bai daina nuna wa masu saye Chicago ba.

Cikin irin waɗannan sunaye, wanda ya shigo mana har cikin shago ya zauna shi ne Longhorn. Wajen 2004 ne, Windows XP ta riga ta zama ruwan dare, shagunan intanet sun fara buɗewa a Tudun Wada da Jekadafari. Oga ya dawo daga Kano da fayafayai, cikinsu akwai ɗaya mai hoton kan sa da dogayen ƙahoni, sai ka ce jan san Bororo a kasuwar shanu. Wanda ya sayar masa ya ce sabuwar Windows ce da ta fi XP. Labari ya kai kunnen wani Alhaji ɗan kwangila da muke yi wa aiki, mutumin da ba ya son a riga shi komai.

“Wannan mai ƙahon za a sa mini,” in ji shi.

“Ranka ya daɗe, ba mu gwada ta ba tukuna,” Oga ya ce.

“To, a gwada a tawa.”

Ni aka ba aikin. Gaskiya ta yi kyau a ido. Ga wani shafi a gefen dama mai agogo, ga launi mai duhu-duhu da ba mu saba gani ba, har maƙwabta suka shigo kallo. Amma kwamfutar mai ƙwaƙwalwa 256 MB ce, kana danna abu sai ka jira kamar ta yi barci. Firinta ta ƙi amsawa. A kusurwar ƙasa kuma akwai ɗan rubutu da ke cewa wannan don gwaji ce kawai, da lambar bugun a gefensa. Alhaji bai damu ba, ya ɗauki abarsa.

Bayan 'yan watanni direbansa ya dawo da ita a bayan mota, ta ƙi shiga. Irin waɗannan bugu na gwaji da wa'adi ake sakin su, wa'adi na cika su rufe. Oga ya shiga BIOS ya mayar da kwanan wata baya, ta buɗe. Sai wasiƙun Alhaji suka fara fita da kwanan watan da ya wuce, domin sakatarensa ya saba barin kwamfuta ta sa da kanta. A ƙarshe muka kwashe takardunsa, muka mayar masa da XP, ba tare da an caje shi ko kwabo ba.

Abin da muka ɗora masa ashe aiki ne da masu shi kansu suka kasa ƙarasawa. Irin waɗannan fayafayai daga bugun da Microsoft ke raba wa masu rubuta manhaja a tarukanta suke fitowa, ko kuma wanda ya sulale ta intanet, 'yan kwafi su buga masa bango. A Agusta 2004 kamfanin ya ajiye yawancin abin da ya gina, ya koma ya ɗora sabon aiki a kan Windows Server 2003, ya cire WinFS, sabon tsarin ajiyar fayil da aka yi ta kururutawa. Asalin sunan ya fi komai ba ni dariya. A lardin British Columbia na Kanada akwai duwatsu biyu da ake wasan zamiya a ƙanƙararsu, Whistler da Blackcomb. Whistler ita ce XP da ta fito ranar 25 ga Oktoba 2001, Blackcomb kuma babbar da aka shirya za ta biyo baya. Longhorn sunan wata mashaya ne a gindin duwatsun, wato ɗan wurin ya da zango tsakanin manya biyu. Zangon ya ci fiye da shekara biyar. Ban taɓa gaya wa Alhaji cewa sunan mashaya ya yi ta alfahari da shi a ofis ba.

A daidai wannan lokaci ne ɗaliban sabuwar Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, suka gano cewa kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana aiko da faifan Ubuntu, wata kishiyar Windows, kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya cike fom. Su ba sa ɓoye sunan gida, tare da lamba suke sanar da shi. Na farko, na Oktoba 2004, Warty Warthog aka sa masa, wato gadu, irin waɗanda ke yawo tsakanin ɗakunan baƙi a Yankari. Na fi ganin mutuncin wannan, domin sun faɗa da bakinsu cewa bugun farko ba zai rasa muni ba. Wasu yaran dai bangon kawai suke so, faifan kuwa ya ƙare a rataye jikin madubin mota.

Longhorn ta sami sunan kasuwa a Yuli 2005, aka fito da ita ga jama'a ranar 30 ga Janairu 2007 da sunan Vista. Sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka suka fara isowa Gombe da ita a ciki, nauyinta bai ragu sosai ba, tsofaffin firintoci da yawa kuma ba su san ta ba. A waccan shekarar babban cinikin shagonmu shi ne cire Vista a mayar da XP, kuma wannan karon muna karɓar kuɗin aiki.