Gadar Katako da Wuta ta Ci

Tun ina yarinya akwai wata tsohuwar kalanda a ɗakin mahaifina, wadda wata baturiyar mishan ta ba shi. Hoton da ke jikinta na wata gada ce ta katako mai rufi kamar zaure, furanni jere a gefenta. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na san labarinta.

Gadar tana birnin Luzern a ƙasar Suwizalan, bisa kogin Reuss. An gina ta a ƙarni na 14, kuma ta ci sunanta daga ɗakin sujada na Bitrus da ke bakinta. Tsawonta ya ɗara mita 200. An yi mata rufi domin kada ruwan sama da ƙanƙara su ruɓar da katakon, gama gadar katako da ba ta da rufi ba ta daɗewa. A ƙarni na 17 aka rataya zane-zane masu kusurwa uku a ƙarƙashin rufin, masu ba da tarihin birnin da na waliyyansa.

Sama da shekara 600 mutane suna bi ta kanta. A daren 18 ga Agusta 1993 wuta ta tashi, ta cinye mafi yawanta kafin gari ya waye. Mutanen birnin ba su zauna ba. Cikin wata takwas suka sake gina ta, aka buɗe ta a Afrilu 1994. Amma daga zane-zanen da wutar ta taɓa, wajen 30 kaɗai aka iya gyarawa. Waɗansu da suka ƙone an bar su baƙi ƙirin a wurinsu domin tunawa.

Zanen nan ne suka fi damuna. Kafinta zai sassaƙa sabon katako, amma hannun da ya yi zanen ya daɗe a kabari.

Bara na buɗe akwatin tsofaffin rajistocin makarantarmu, na tarar gara ta cinye rabinsu, har da sunayen ɗaliban farko. Ni ce mai riƙe da makullin, ban leƙa ba shekara uku. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Ya ku ɗalibai, rigakafi ya fi magani. Abin da iyaye suka bar mana amana ce. Yanzu kowace Asabar muna kakkaɓe sauran littattafan, muna kwafe sunayen da suka tsira. Mai son taimako ya same ni a laburare. Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙanƙanen abu.