Wasiƙa zuwa ga ƙanena Bashir a kan Berke da Hulagu

Ya karatu, ya kuma sanyin Zariya?

Saƙonka ya iso, inda ka ce in an ambaci Mongol ba abin da ke faɗo maka a rai sai ƙone Bagadaza. Ba ka yi ƙarya ba, Hulagu ya yi wannan ɓarna a 1258, har ya kashe halifa Musta'asim. Sai dai kafin ka rubuta aikin da malaminku ya ba ku, ina so ka san cewa shekara huɗu bayan haka wani jikan Jangis Khan, Musulmi mai suna Berke, ya zare wa Hulagu takobi. Kakansu ɗaya.

Da Jangis Khan ya raba ƙasa, babban ɗansa Joci ne ya sami yamma. Ɗan Joci, Batu, shi ya faɗaɗa rabon: daga 1237 zuwa 1240 ya ci Riyazan da Vladimir da Kiyef, a 1241 dawakinsa suka tattake Hungary, sannan ya juyo ya kafa Sarai a gindin kogin Volga. Wannan daula ce Turawa ke kira Rundunar Zinare. Abin da ya fi ba ni mamaki da su, ba su tare a garuruwan Rasha ba, don kurmi ba wurin kiwo ba ne. Suka zauna a filin ciyawa, sarakunan Rasha su taho da gaisuwa su karɓi takardar naɗi, su koma su tara haraji. Da aikin tara harajin nan gidan sarautar Mosko ya yi ƙiba. Su kuwa Mongol ɗin tsiraru ne a cikin Turkawan Kipcak, aka yi ta auratayya, har harshen Kipcak ya rinjayi nasu.

Berke ƙanen Batu ne, ya hau a 1257. An ruwaito cewa kisan halifa ya yi masa zafi ƙwarai, kuma ban ga dalilin musu ba. Amma kada ka mai da shi waliyyi a takardarka. Akwai makiyaya masu albarka a Azarbaijan da gidan Joci ke ganin haƙƙinsu ne, Hulagu ya riƙe. Ga addini, ga ciyawa, kuma wanda duk arzikinsa ke tafiya da ƙafa huɗu ba ya wasa da ta biyun. A farkon 1263 suka gwabza a kogin Terek, rundunar Hulagu ta juya da gudu a kan ƙanƙara, ƙanƙarar ta fashe da dawaki da mahaya.

Abokin Berke a wannan rigima shi ne Baibars, sarkin Masar. Shi kansa Bakipcake ne, yana yaro aka kama shi a wannan fili aka sayar. Rundunar Mamluk ta Masar da ta tsayar da Mongol a Ain Jalut a 1260 irin yaran nan ce. Don haka abotar tana da ciniki a ƙarƙashinta: Masar na buƙatar samari daga filin Kipcak, jiragen ruwa na ɗebo su daga Kirimiya su ratsa ta gaban Kustantiniya. Abu ne mai ɗaci a karanta, amma haka yake, kuma in ka cire shi labarin ba zai tsaya ba.

Musulunci bai kafu sosai a fadar Rundunar Zinare ba sai zamanin Uzbek Khan, daga 1313 zuwa 1341. Shi Ibn Battuta ya ziyarta, Ibn Battutan nan da daga baya ya sauka a Takedda a 1353 ya ba da labarin tagullar da ake kai wa Gobir da Barno. Abin da ya tarar a wurin Uzbek gari ne sukutum yana tafiya a kan amalanke, da masallatansa da kasuwanninsa, hayaƙin girki na tashi ana cikin tafiya. Ya ga matan sarki suna zama a bainar jama'a ana girmama su, ya ga ana shan nonon goɗiya, ana kora dawaki dubbai zuwa kasuwannin Indiya. In ka tuna yadda ruga ke tashi da damina, sai ka ninka har ka gaji.

Faɗuwarsu ba ta buƙatar dogon bayani. Annoba ta ɓulla wajen 1346, daga 1359 'yan gida suka shiga kashe juna a kan gadon sarauta. Wani sarkinsu, Toktamish, ya ɗinke ɓarakar har ya ƙone Mosko a 1382, sai ya tsokano Timur, wanda ya ragargaje shi a 1395 ya wawashe Sarai. Daular ta tsattsage, Kazan daban, Astarakan daban, Kirimiya daban, kuma Kirimiyar ce ta ƙarasa abin da ya rage a 1502.

In ka gama rubutun ka turo mini in duba kafin ka miƙa. Inna ta ce a gaya maka kilishin da ta aiko ba naka ba ne kai kaɗai, ka ba abokan ɗakinka. Ka gaida su duka.

Yayanka,
Aminu