Kashi ba ya ƙirga kansa

Dabbar daji ba ta tsayawa a layi a ƙirga ta, balle barewa da ke jin ƙarar busasshen ganye ta ɓace. Shi ya sa masu bincike suka koma bin abin da take bari a baya, wato kashi da gashi. A jikin ɗanyen kashi akwai ƙwayoyin halitta da suka goge daga bangon hanji, kuma kowace dabba da nata tambarin. Idan aka kai ɗakin gwaji, za a san ko mace ce ko namiji, a kuma san ko ita ce aka samu makon jiya ko wata ce daban. Da haka ake ƙiyasta barewa a dazukan Alaska ta Amurka, inda duhun itatuwa ke hana ƙirge daga jirgin sama.

Ni dai ba a aji na fara ganin amfanin kashi ba. Muna yara a Fagge, kawuna maharbi ne, yakan tafi da ni wajen dajin Falgore da rani. Sai ya durƙusa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza da yatsa. In ta yi sheƙi tana danƙo, ya ce ta daren jiya ce, in ta farfashe, ya ce, "Tashi mu tafi, ɗana, wannan ta kwana biyu." Yana bambance na gada da na akuyar makiyaya ba tare da ya sake dubawa ba. Amma in ka tambaye shi dabba nawa ce a wurin, sai ya ce suna da yawa. Iyakar lissafinsa ke nan, don gada guda tana iya cika fili da tuli-tuli a inda ta saba tsayawa.

Wannan giɓin ne gwajin ya toshe. Talatu Tende, tare da masana na Jami'ar Lund ta Suwidin, ta tattara kashin zaki a Yankari ta jihar Bauchi, aka buga sakamakon farko a 2010, wani kuma a 2014 da ya haɗa da gandun Kainji. Kashi ya taru da yawa, amma zakunan da aka tantance ɗaya-ɗaya 'yan kaɗan ne.

Lissafin da ake ƙiyasta yawan dabbobin da shi kuwa, duk ɗan kasuwar Sabon Gari ya san shi. In yau ka sayar wa mutum ashirin, gobe ashirin suka zo, goma daga cikinsu fuskokin jiya ne, to masu cinikinka wajen arba'in ne. In kuwa kullum baƙin fuska kake gani, jama'arka na da yawa.

Wahalar tana a fili. Zafin ranarmu da ruwan damina suna lalata ƙwayoyin halittar da wuri, buzuzu kuma ba ya jiran kowa. Dole a yi sammako, a sa safar hannu, a jefa samfurin cikin kwalbar itanol, a rubuta wurin da ranar. A ɗakin gwaji ma sai an maimaita, domin kuskure ɗaya kan mayar da dabba guda ta zama biyu a takarda. A ganina, duk wanda zai yi irin wannan aiki a Falgore ya fara neman tsofaffin maharba ya biya su lada mai kyau, don su ne za su nuna masa hanyar mashaya, su kuma hana shi ɓarnatar da kuɗin gwaji a kan kashin akuya.