Rabuwar da Muka Gani a Wasan Daɓe



Kashegarin Babbar Sallah matasan ƙungiyarmu suka shirya wasan daɓe a nan Sabo, Ibadan. Dariya muka je yi, kuma mun yi ta har da riƙe ciki, musamman da yaron da ya fito a matsayin uwar miji ya shigo da ɗaurin zani a karkace. Amma da aka zo fitowa ta ƙarshe, sai wuri ya yi tsit.

Aure ya mutu, idda ta cika. Matar ta fito da goyo da akwati za ta tashar Ojoo ta hau motar Kano, sai ga mijin ya biyo ta. Muka gyara zama muna jiran gori da tonon silili, don abin da muka saba gani ke nan. Sai kawai ya karɓi akwatin ya ɗora a ka. A bakin mota ya ba ta kuɗin mota da guzuri, ya ce, "Maman yara, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe, ni ma ka yafe mini. Katin asibitin babban yana ƙarƙashin katifa, in an yi hutu ka kawo mini shi." Kowa ya kama hanyarsa. Babu wanda ya tafa sai can daga baya.

Mu da muke riƙe da littafin ƙungiya mun san abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ƙarar da ke zuwa gaban kwamitin sulhu ba haka take ba. Saki ne cikin fushi da tsakar dare, kaya a waje, maƙwabta na kallo. A Arewa mace takan samu gidan iyaye ko na wani kawu kusa. A nan fa? Wata an ɗauko ta daga Katsina ko Sakkwato, ba ta da kowa sai mijin da ya kore ta.

Mu ma da namu laifin. Sau nawa muka yi karo-karo muka sa mace a mota, muna ganin mun yi taimako, ba mu tambayi mijin ina maganar idda ba? Alhali Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda, kuma a saki na kome ci da shanta suna wuyan mijin.

Ba kowane aure ke gyaruwa ba, wannan mun sani. Roƙonmu shi ne, kafin ka rubuta takarda, ɗan'uwa, ka zo mu zauna. In zaman ya ƙare, a rabu yadda gobe za a iya haɗuwa a bikin 'ya'ya a gaisa.

Allah ya saka wa matasanmu da alheri, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.