Takardar da Ta Fasa Aure a Gidanmu

Ni Bayarabiya ce, a aji na koyi Hausa. Ranar da malaminmu ya koya mana karin maganar nan, "rigakafi ya fi magani", sai na tuna da yayata.

Shekara uku suna soyayya da saurayinta. Har an sa rana, sai cocinmu ya ce su kawo takardar gwajin jini. Sakamako ya fito, ita AS, shi ma AS. Likita ya ce duk cikin da za ta samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifi mai SS, wato mai ciwon sikila, wanda Hausawa ke kira amosanin jini. Aka fasa auren. Wata biyu yayata ba ta cin abincin kirki.

Da farko na tsani gwajin nan. Amma mahaifiyarmu ta ba ni labarin kakarmu, wadda ta binne 'ya'ya uku. Mutane suka ce "abiku" ne, wato yaron da ke mutuwa ya dawo. Yau muna zaton sikila ce. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara. Ba mamaki da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Sai dai gwajin yana da nasa illoli. Na farko, tsangwama. Wasu maƙwabta suka riƙa cewa yayata mai mugun jini ce, alhali mai AS lafiyarsa lau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Na biyu, kuskure. Wani ɗakin gwaji ya ce wa ɗan kawuna shi AA ne, sai da ɗansa ya fara ciwo aka gane AS ne. Na uku, akan yi gwajin a makare, bayan ƙauna ta riga ta kafu.

'Yan'uwana ɗalibai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu yi gwajin tun yanzu, a wuri biyu daban. Ni na yi nawa, AS ce ni. Duk saurayin da ya zo, wannan nake fara gaya masa.